Dutse da Tafki: Maƙala a kan Birnin Damagaram da Kwarin Gidimuni

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya taskace ruwa a ƙarƙashin rairayi, ya raba arziki tsakanin garuruwa yadda ya raba shi tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya ɗauki tubali da hannunsa mai albarka a lokacin ginin masallacinsa, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan ƴar maƙala ce a kan birnin Zinder, gidan sarautar Damagaram, da ginin mutanensa da cimarsu da al'adunsu, da ƙasar da ke kewaye da shi, musamman kwarin Gidimuni. Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne: Allah Maɗaukakin Sarki bai tara wa gari ɗaya komai ba. Ya ba Zinder dutse da sarauta da kasuwa, ya ƙuntata mata ruwa. Ya ba Gidimuni ruwa da dabino da kanwa, bai sanya ta babban birni ba. A Suratuz Zukhrufi an sanar da mu cewa Allah ya fifita waɗansu a kan waɗansu a abin rayuwa domin sashe ya riƙa yi wa sashe aiki. Abin da ya tabbata ga mutane ya tabbata ga garuruwansu.

Fasali na farko: a kan wurin da aka kafa birnin

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da ni da kai, cewa magabata sun yi magana a kan sharuɗɗan kafa birni. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya jera su a cikin Muƙaddima: wuri mai wuyar shiga ga abokan gaba, da ganuwa, da iska mai lafiya, da ruwa a kusa, sannan makiyayar dabbobi, da gonaki, da itacen wuta da na gini. Har ya zargi waɗanda suka kafa Kufa da Basra da Ƙairawan da cewa abin da raƙumansu ke so suka duba, suka yi sakaci da saura.

In aka auna Zinder da wannan ma'auni, ta cika sharaɗin farko har da ƙari. Unguwar Birni tana zaune tsakanin manya-manyan duwatsu, waɗansu a kan waɗansu, gidaje na jingine da su, lunguna na kewaya su. Gidan sarautar kuwa wani malami ne ya kafa shi a wajajen 1731, shi ya sa jerin sarakunan Damagaram da sunan Malam yake farawa. Zuriyarsa sun zauna a garuruwa dabam-dabam suna kai gaisuwa Barno, har Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da gadon mulki Zinder a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi fiye da shekara 30 yana sarauta ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwar da waɗanda suka gan ta suka ce tsayinta ya kusa mita 10, ya kuma sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin garin. A zamaninsa da na magadansa ikon Damagaram ya rufe Muniyo da ƙasashen Sosebaki, wato Mirriya da Wacha da Dungas.

Arewa da ganuwa akwai Zango, wanda a da shi ne masaukin ayarin Abzinawa da fataken Gadamus da Tarabulus, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna. A wancan zamani daga nan ake ɗaura kayan arewa: jemammiyar fata, da gashin jimina, da hauren giwa. Tun da gaskiya ake son faɗa, har da bayi. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari a kamo mutane a sayar, alhali tun ƙarni biyu kafin haka Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawar haramcin bautar da Musulmi ɗa. Duk mai yabon ganuwa ya tuna da wannan, ya nema wa magabata gafara, ya nema wa waɗanda aka zalunta sakayya.

Sai dai dutsen da ya tsare birnin shi ne ya hana shi sha. Fa ne shimfiɗe a ƙarƙashin garin, ba ya riƙe ruwa. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ruwanta bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, ya zuba ya gangare, saura rana ta shanye. Bayan kisan Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder a 1898, da yaƙin Tirmini a 1899 da rasuwar Sarki Amadu Kuran Daga a cikin shekarar, Faransawa sun mai da garin hedkwatar mulkinsu na Nijar daga 1911, amma a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Daga baya aka jawo ruwa da bututu daga Gogo da Macaya a kudu, sannan daga rijiyoyin Arunguza da Ganaram a arewa. Duk da haka, wanda ya san garin ya san layin jarkoki a bakin famfo da kiran ƴan garuwa in bazara ta yi bazara.

Wannan jarrabawa ba Damagaram kaɗai ta shafa ba. A ƙasar Italiya akwai birnin Siyena, a kan tuddai yake, babu kogi a cikinsa, kuma da jan bulon ƙasarsa aka gina shi. Mutanensa sun shafe ƙarnoni suna haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, masu tsawon kimanin kilomita 25, domin su kawo ruwa tsakiyar gari. A 1338 zuwa 1339 mahukuntansa suka sa aka zana musu siffar mulkin adalci a bangon ɗakin da suke shawara, kuma mai zanen ya raba bangon biyu: birni a gefe guda, gonaki a gefe guda, ƙofa a buɗe tsakani, manoma na shiga da kaya. Hikima kayan mumini ce, inda ya tsince ta ya ɗauka. Mutanen Siyena sun gane cewa lafiyar birni a karkararsa take.

Fasali na biyu: a kan gini

Maginin Damagaram da ƙasa yake farawa. A haƙo ta, a zuba ruwa, a yanka ciyawa a zuba, a tattaka, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Daga nan a curo tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini yana bisa bango, yaransa na jefa masa tubali ɗaya-ɗaya yana jerawa, yana cike tsakani da kwaɓi. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, domin ya ɗauki nauyin kansa.

Wahalar tana wajen rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma in ta ɗauki nauyin ƙasa ba ta iya tsallake fiye da kimanin mita biyu. Wannan ƙunci ne ya haifi gwanintar maginan Hausa. Suka riƙa kafa azara a jikin bango tana ɗan leƙowa, su ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, su lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama baka. In bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, sai a ɗora tulluwa, zaure ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a farkon rabin ƙarni na 19. A waje kuma a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin ruwa ya zame. A sa indararo ya jefa ruwan soro nesa da gindin gini. A ɗaga zankwaye a kusurwoyi. Sannan mai hali ya kira gwanin zane ya ƙawata fuskar gida da dagi da sauran zayyana, tun yaɓe yana ɗanye. Wannan ado shi ne abin da baƙo ke fara lura da shi a lungunan Birni da Zango, kuma fadar Sarkin Damagaram, wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, har yau tana tsaye da zaurukanta, dogarai na zaune a ƙofa da rigunansu ja da kore.

Mai lura zai ga cewa gidan nan fiƙihu ne aka rubuta da ƙasa. Baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, domin shari'a ta ce a nemi izini, in aka nema sau uku ba a bayar ba a juya. Ƙofar zaure ba ta fuskantar ta shigifa, saboda haka idon mai wucewa ba ya kaiwa cikin gida. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an hana mutum ya buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa, ko ƙofa daura da ƙofarsa. A hadisin Abu Huraira kuma an hori maƙwabci da kada ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufi a bangonsa. Wanda ya ga gidajen Birni suna raba bango ɗaya ya ga wannan hadisi yana aiki. Masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka gina shi, kututturan dabino ne ginshiƙansa, rassan dabino ne rufinsa. Kada ɗan Damagaram ya ji kunyar soron kakansa.

Gini bai zama abin zargi ba sai in ya zama alfahari. A Suratush Shu'ara'i an zargi Adawa da kafa alama a kan kowane tudu don wasa, an zargi Samudawa da sassaƙa gidaje a duwatsu suna taƙama. Ginin ƙasa kuwa ba ya barin mai shi ya manta da cewa shi mai wucewa ne, domin duk ƴan shekaru yana neman yaɓe, in aka ƙi sai damina ta karɓi nata. Ganuwar Tanimun da duk kaurinta, yau sai ɓurɓushi a nan da can. Waɗansu sun zaci siminti ne magani, suka shafe bangon ƙasa da shi, sai laima ta maƙale a ciki ta ci bangon a ɓoye, shafen ya ɓamɓaro. A 2006 Nijar ta sa tsohon garin Zinder da unguwar Birni da fadar sarki a jerin wuraren da take nema UNESCO ta lissafa cikin kayan gadon duniya. Abu ne mai kyau, amma takarda ba ta yaɓe bango. Sai magini, shi kuma sai in ya sami yaron da zai gaje shi.

Ka kuma lura da wannan: azara daga kwari take, ɗorawa daga gonakin kudu, ciyawa daga daji. Soron da ke tsakiyar Birni, in ban da ƙasarsa, kusan komai nasa daga karkara ya zo.

Fasali na uku: a kan Gidimuni da ƙasar da ke kewaye

Wanda ya fita Zinder ya nufi gabas a kan babbar hanyar Gure da Diffa, zai fara riskar Mirriya, garin garake da tukwane, kimanin kilomita 18 daga birni. In ya ci gaba sai ƙasa ta sake kama: jigawa da tuddan rairayi, da ƙaya da goriba jefi-jefi. A wajen kilomita 70, hanya ta gangara, sai ga tafki shimfiɗe, dabino ya kewaye shi. Nan ce Gidimuni.

Sirrin wurin shi ne kishiyar sirrin Zinder. Rairayin da ido ke gani kamar ba alheri a cikinsa yana shanye ruwan sama ya adana shi, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali a wuraren da ƙasa ta yi kwari. Don haka tafkin yake rayuwa har cikin rani, manomi kuma ya haƙa kaɗan ya tarar da ruwa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta nan a watan Disamba na 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder, ya kuma siffanta ruwa biyu dab da juna, ɗaya mai daɗi, ɗaya na kanwa. Mai karatun Alƙur'ani ba zai ji wannan ba face ya tuna da abin da Suratul Furƙan ta ambata na ruwa mai daɗi da ruwa mai zartsi da shamakin da ke tsakaninsu. A 2019 an sa tafkin cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke kiyayewa, saboda kifinsa da tsuntsayen da ke yada zango a bakinsa.

A garaken Gidimuni ana noma rake da rogo da dankali da albasa da tumatir da tattasai, ga mangwaro da lemun tsami, masunta kuma na kamo tarwaɗa. Amma sarkin kwarin shi ne dabino. Dabinon wannan yanki yana da wata baiwa: yakan yi fure sau biyu a shekara, inda na Sahara ke yi sau ɗaya. Wanda nunarsa ta faɗo cikin damina laima ba ta barin sa ya bushe da kyau, don haka ɗanye ake sayar da yawancinsa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya misalta Musulmi da itacen dabino, kuma mutanen kwari sun fi kowa gane dalili: ƴaƴansa abinci, kututturensa rufi, rassansa shinge, inuwarsa garkuwar shukar da ke ƙarƙashi. Shari'a ma ta san bambancin wahalar manoma. In dabino ya kai ausuƙi biyar, wanda saiwarsa ke sha da kanta ushiri ake fitarwa, wanda aka shayar da jigo ko inji rabin ushiri. A mazhabar Maliku babu zakka a kan rake da kayan miya su kansu, sai dai ƙofar sadaka ba ta rufuwa.

A kudu da Zinder kuma, a ƙasashen Mirriya da Magariya da Matamaye, gawo ne ke riƙe da gonakin gero. Yana kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun kafa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Bayan farin 1973 da na 1984, manoma da kansu suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna sassabe musu, har yankin ya zama abin misali da masana ke zuwa gani.

Fasali na huɗu: a kan cima da al'ada

In kana son ganin yadda ƙasar nan ta haɗu, dubi ƙwaryar fura. Gero na manomin jigawa ne, nono na Bafulatana ne, in an so a ƙara mata daraja a daka dabinon kwari da cukun makiyaya a zuba. Gishiri daga Bilma ko ƙasar Manga raƙuma suka kawo shi tun zamanin da. Kanwa ita ke nunar da wake, ita ke gyara miyar kuka da ta kuɓewa, ita ce jigon kunun da ake ba mai jego, ita dabbobi ke lasa. Tuwon gero da burabusko, da dambu da kwaɗon zogale, da kilishin da rundawa ke shanyawa a rana su shafa masa ƙuli-ƙuli da yaji, duk kowanne yana da hannun mutum fiye da ɗaya a cikinsa.

Alfaharin matan Damagaram kuwa shi ne alkaki. A ɓarza alkama, a murza ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami a bar ta ta kwana, a murɗa ta da yatsu, a soya, a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. Ba a kai gara ba shi, ba a Sallah ba shi, matafiyi kuma ya yi tsaraba da shi domin yana jure kwanaki. To alkama sai da ban ruwa a lokacin sanyi, zuma kuma sai amya a daji. Abin da birni ya fi shahara da shi a wajen zaƙi, ba a cikin ganuwa tushensa yake ba.

Haka al'ada take. Ranar hawan Sallah, in kakaki da algaita suka tashi, hakimai da talakawansu daga karkara suke shigowa da dawaki su yi jahi, kuma waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, sun shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin fada ba. A Wasan Kara matasa kan kwaikwayi masu mulki a gaban jama'a, a yi dariya, mai hankali ya ɗauki darasi. Almajiran tsangaya, bisa tsarin da aka gada daga Barno, suna fita ƙauyuka da rani su yi tilawa, su dawo birni su karanta littattafai. Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Buzu kasuwa ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke tsayawa, kuma wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ya kashe husuma da yawa tun ba ta kai gaban alƙali ba.

Kammalawa

A Suratu Saba'i an ba mu labarin mutanen da aka ba gonaki biyu, dama da hagu, aka ce su ci su gode. Suka bijire, madatsar ruwansu ta karye, aka musanya musu da itatuwa masu ɗaci da ƴar magarya kaɗan. Malamai sun ce godiya tana da rukuni uku: zuciya ta yarda daga Allah ni'ima take, harshe ya faɗa, gaɓɓai su yi aiki da ita a inda Mai bayarwa ya yarda. Rukuni na uku shi ne ya fi yi mana nauyi a yau. Rairayi yana gangarowa kwari duk inda aka sare itatuwan da ke riƙe shi. Kacalla tana cin bakin ruwa. Gishiri yana hawa gonar da aka shayar ba lissafi. A birni kuma soraye na zubewa, ƴaƴan magina sun kama wata sana'a.

Haƙƙin birni a kan karkara shi ne ta ciyar da shi ba tare da algus ba. Haƙƙin karkara a kan birni ya fi yawa, domin a birni hukunci yake, da kuɗi, da ilimi. Attajirin da ke sayen dabino tun yana bisa, ya ji tsoron Allah kada ya ci gumin manomi da bashin bazara, ya kuma tuna an hana sayar da ƴaƴan itace kafin nunarsu ta bayyana. Mai mulkin da ya jawo ruwan wani ƙauye zuwa birni, ya tabbata ƴan ƙauyen sun sha, domin hadisi ya sanya mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Malami ya karantar da babin maƙwabtaka da na rayar da mataccen fili da himmar da yake karantar da babin tsarki. Ɗaliban jami'ar Zinder su je wurin tsofaffin magina da manoman kwari su rubuta abin da ke ƙirjinsu tun suna raye. Mai hali ya tuna Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Kowa kuma ya dasa ko da dabino ɗaya, domin ya inganta cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen Musulmi sadaka ce a gare shi.

Ya Allah, ka shayar da Damagaram ruwa mai albarka, ka tsare mata kwarurukanta da gonakinta, ka sanya adalci a zukatan shugabanninta da wadatar zuci a zukatan talakawanta, ka jiƙan magabatanta, ka sanya mu cikin bayinka masu godiya. Allah ne Mafi sani, kuma gare shi makoma take. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.